Abin da maganin sikila ke taɓawa a cikin ɓargo

"Ai maganin kansa ne." Babu maganar da ta kai wannan dawo mini da kwalin haidiroksiyuriya shago. Likita ya rubuta, uba ya zo ya saya, a je gida wani ɗan boko ya zare takardar da ke cikin kwali ya karanta, ko ya duba a waya, washegari sai ga kwalin an dawo da shi ba a ɓalli ko ƙwaya ɗaya ba. Wasu ma ba sa dawowa da shi. A saman firji yake ƙarewa, yaro kuma ya ci gaba da kwana yana kukan ƙafa da baya duk lokacin da hunturu ya sauko.

Ni mai harhaɗa magunguna ce, a Zariya na yi karatu, a Tudun Wada nake aiki, kuma akwai sikila a gidanmu. Ba zan ce wa kowa takardar ƙarya ta yi ba. Gaskiya ta faɗa, ana ba masu wasu nau'o'in kansa wannan magani tun kafin a san yana da amfani ga mai sikila. Abin da ba ta bayyana ba shi ne wurin da maganin ke sauka a jiki. Wani furotin ne mai suna ribonukiliyotayid ridaktes, ana taƙaita shi da RNR. Duk wanda ya gane shi zai gane abin da ya haɗa kansa da sikila a kwali ɗaya, zai kuma gane dalilin nacinmu a kan gwajin jini. Shi ya sa nake so in yi bayaninsa dalla-dalla, har da ƙirarsa, don na yi imani iyayenmu za su iya ɗauka in an gaya musu.

Duk ƙwayar halitta da za ta rabu biyu sai ta fara kwafe DNA ɗinta kaf, domin kowace ta tafi da nata. DNA doguwar sarƙa ce ta haruffa huɗu, A da C da G da T, waɗanda masana ke kira nukiliyotayid. Ƙwayar mutum guda tana ɗauke da kimanin biliyan 12 na waɗannan haruffa, ke nan kafin ta rabu sai an samo mata sababbi biliyan 12. Ga shi kuwa ɓargon babban mutum yana fitar da jajayen ƙwayoyin jini wajen miliyan 2 a kowace daƙiƙa, kuma kowacce ta fito ne daga iyayen da suka yi ta rabuwa.

Jiki ba ya ƙera haruffan DNA kai tsaye. Na RNA yake fara yi, sannan ya juya su. Bambancin su biyun yana kan sukarin da ke jikin kowane harafi. Sukari ne mai kabon 5. A kan kabon na 2, harafin RNA yana da oksijin guda, na DNA ba shi da shi. Wannan oksijin ɗin shi ke sa RNA saurin lalacewa, rashinsa kuma shi ke sa DNA ta jure shekara da shekaru. Cire shi ne aikin RNR, ba shi da wani aiki bayan wannan. Yana karɓar haruffan RNA huɗu, A da G da C da U, ya cire wa kowanne oksijin ɗin. Daga baya wani enzayim daban, wato furotin mai gudanar da aiki irin na RNR, ya mayar da U ɗin T. Akwai 'yar hanyar tattara tsofaffin haruffa a sake amfani da su, amma ba ta isar ƙwayar da ke rabuwa. In ana son sababbi, dole a bi ta RNR.

Peter Reichard, haifaffen Ostiriya wanda ya yi rayuwar bincikensa a Suwidin, shi ya gano wannan enzayim a farkon shekarun 1960, a cikin bakteriyar E. coli. Namu na mutane dangi ɗaya ne da na wannan bakteriya, shi ya sa yawancin abin da aka sani a kansa daga can aka fara gani.

Shi RNR gida biyu ne aka haɗa. Akwai babban ɓangare, RRM1, mai amino asid 792, wato tubalan da ake gina furotin da su, akwai ƙarami, RRM2, mai 389. Kafin aiki ya yiwu sai manya biyu sun haɗu da ƙanana biyu. A jikin babban ne harafin RNA ke zama a yi masa aiki, a nan ne kuma duk wuraren ba da umarni suke. Ƙaramin ba ya taɓa harafin ko sau ɗaya. Abin da yake riƙe da shi kawai ƙwayoyin sinadarin ƙarfe ne guda biyu, oksijin ya haɗa su, sai wani amino asid mai suna tayirosin a gefensu, na 176 a jerin. Wani abu da ke burge ni: umarnin gadon ƙera RRM1 yana kan gajeren hannun kuromosom na 11, unguwa ɗaya da umarnin ƙera himogilobin, furotin mai ɗaukar oksijin a jini, wanda sikila ke shafa. Ba wata alaƙar aiki tsakaninsu, maƙwabtaka ce kawai, amma ba na wuce wurin ban tsaya ba.

Wannan tayirosin shi ne zuciyar al'amarin. A ƙa'ida ilektiron bibbiyu suke zama. In aka zare ɗaya, wanda ya rage ba ya samun natsuwa, sai ya fizgo wani daga duk abin da ke kusa. Sinadarin da ke cikin wannan hali ana ce masa radikal, kuma yawancinsu ba sa kai daƙiƙa guda kafin su yi ɓarna su mutu. Da daɗewa an ɗauka radikal abokin gaban jiki ne kawai. A 1972 Anders Ehrenberg da Reichard suka nuna cewa akwai radikal zaune daram a cikin wannan furotin, kuma in ba shi ba aiki. Shi ne karo na farko da aka ga haka a wani furotin. Bayan 'yan shekaru Britt-Marie Sjöberg da abokan aikinta suka tabbatar a kan tayirosin yake. Ƙwayoyin ƙarfen nan biyu da iskar oksijin su ke kunna shi, furotin kuma ya lulluɓe shi can ciki inda ruwa ba ya isa. Na bakteriya yakan yi kwanaki a raye in an ajiye shi a sanyi. Namu bai kai haka ƙarko ba, sai an yi ta sabunta shi.

Wanda ya tashi a gidan da ake girki da itace ya san ɗebo wuta. Maƙwabta na da garwashi binne cikin toka, a aiki yarinya da marfin tukunya ta ɗebo, a hura murhu. To ƙaramin ɓangaren shi ne gidan da garwashin yake, babban shi ne inda tukunya take. Bambancin kawai, nan duk girki ɗaya sai an mayar da garwashin inda aka ɗebo shi. Tsakanin tayirosin ɗin da wurin aiki akwai tazarar nanomita 3 da 'yan kai. A idonmu ba komai ba ne, amma ga ilektiron tafiya ce da ba ya iya yi da tsalle ɗaya. Sai Allah cikin hikimarsa ya jera wasu amino asid a kan hanya, yawancinsu tayirosin, wannan ya miƙa wa wannan, har a tsallaka iyakar ɓangarorin biyu a isa ga wani amino asid mai suna sistayin, na 429 a jikin RRM1. JoAnne Stubbe ta jami'ar MIT a Amurka ta shafe shekaru masu yawa tana bin sawun wannan hanya mataki-mataki, amma sai a 2020 ita da Catherine Drennan da ɗalibansu suka samu hoton ɓangarorin biyu na E. coli a manne suna cikin aiki. Dalilin jinkirin shi ne haɗuwar tasu ba ta daɗewa, da sun gama sai su saki juna.

Da radikal ya isa sistayin na 429, sai ya zare haidirojin daga kabon na 3 na sukarin. Wannan ya raunana maƙwabcinsa, kabon na 2, oksijin ɗin da ke kansa ya fita a matsayin ruwa. Wasu sistayin biyu, na 218 da na 444, su ba da nasu haidirojin don cike gurbin, sannan su maƙale da juna. A mayar wa kabon na 3 abin da aka ara, radikal ya bi hanyar da ya zo ya koma gida. Sistayin biyun da suka maƙale sai an raba su kafin a karɓi wani harafi. Jelar furotin ɗin ce ke lanƙwasowa ta raba su, ita kuma wani ƙaramin furotin mai suna tayoredoksin ya farfaɗo da ita da ƙarfin da aka samo daga sukarin abinci. Harafi ɗaya ke nan cikin biliyan 12.

Wurin da na fi so tun ina ɗaliba shi ne yadda yake kiyaye adalci tsakanin haruffa huɗun. In ɗaya ya yi yawa fiye da sauran, mai kwafe DNA yakan sa shi inda bai kamata ba, kuskure ya shiga gado. Wurin aiki kuwa ɗaya ne ga dukansu. To akwai wani gurbi a jikin babban ɓangaren da ke zaɓen wanda za a karɓa. In ATP, wato harafin A na RNA, ko dATP, wato harafin A na DNA, ne ya zauna a gurbin, sai a karɓi C da U. In harafin T da aka gama ya taru ya zauna, sai bakin ya sauya siffa ya karɓi G. In G ya taru, sai a koma kan A. Akwai kuma gurbi na biyu a can saman furotin, shi na kunnawa da kashewa ne. ATP yana kunnawa, don yawansa alama ce ta ƙwayar na da ƙarfin rabuwa. dATP, wato A ɗin da aka gama, yana kashewa. A 2011 aka nuna yadda yake yi: yana sa manyan ɓangarori shida su haɗu su yi zobe, ƙaramin ya kasa zama yadda zai miƙa radikal ɗinsa.

Wannan makunni ba wasa ba ne. Akwai jariran da ake haifa ba su da wani enzayim mai share ragowar A, adenosin diyamines. Sai dATP ya taru a fararen ƙwayoyin jininsu, ya kashe RNR, ƙwayoyin su kasa rabuwa, yaro ya taso ba garkuwar jiki. Sannan ƙwaya ba ta ajiye ƙaramin ɓangaren kullum. Tana ƙera RRM2 ne lokacin kwafe DNA, in an gama ta rusa shi. Ƙwayoyin da ba sa rabuwa suna da wani madadinsa, RRM2B, wanda aka gano a shekarar 2000, yana ba su ɗan abin da suke gyaran DNA da shi. Ku riƙe wannan, don shi ne amsar rabin tambayoyin da ake yi mini: inda ake rabuwa da yawa, nan RNR ya fi aiki, nan kuma duk maganin da ya taɓa shi zai fi tasiri.

Haidiroksiyuriya ƙaramin sinadari ne ƙwarai. Yuriya ce, irin wadda ke fita a fitsari, aka ƙara mata oksijin guda. A Jamus aka fara haɗa shi a 1869, ya yi kusan shekara ɗari ba a san amfaninsa ga majiyyaci ba, sai a 1967 hukumar magunguna ta Amurka ta amince da shi don wasu nau'o'in kansa. Abin da yake yi shi ne ba radikal ɗin nan ilektiron ɗin da ya rasa. Garwashin ya mutu. Haruffan DNA su yi ƙaranci, ƙwayar da ke tsakiyar kwafi ta tsaya. Ƙwayar kansa ba ta da aiki sai rabuwa, shi ya sa abin ke cutar da ita. Amma maganin ba ya daɗewa a jini, cikin 'yan awoyi yawancinsa ya fita, ƙwayoyin jiki kuma su sake kunna radikal ɗinsu su ci gaba. Shan sa sau ɗaya a rana na nufin ɓargo zai ɗan tsaya, ya tashi, gobe ya sake ɗan tsayawa.

Ga inda sikila ta shigo. Ciwon daga harafi ɗaya ya faro, A ya koma T a umarnin ƙera ɓangaren beta na himogilobin, amino asid na 6 ya sauya. In oksijin ya yi ƙasa, irin wannan himogilobin yana manne wa juna ya yi dogayen sanduna, jar ƙwaya ta lanƙwashe ta yi tauri, ta toshe ƙananan jijiyoyi. Maimakon kwana 120 sai ta mutu cikin kwana 10 zuwa 20. Amma kowace uwar mai sikila ta san jaririnta lafiya lau yake a watannin farko, sai wajen wata 5 ko 6 hannu da ƙafa su fara kumbura. Wata likitar yara a New York, Janet Watson, ta lura da haka tun 1948, ta danganta shi da himogilobin ɗin da ɗan tayi ke amfani da shi a ciki, wanda ake kira HbF. Shi ba ya shiga cikin sandunan, yana ma hana su haɗuwa. Bayan haihuwa jiki ke rage ƙera shi a hankali. Masu sikila a gabashin Saudiyya da wasu sassan Indiya da yawansu suna riƙe HbF mai yawa har girma, ciwon nasu kuma ya fi sauƙi.

Ɓargon da ake ɗan tsayar wa kullum yana shiga halin gaggawa, sai ya koma fitar da jajayen ƙwayoyi daga iyayen da ba su gama rufe umarnin HbF ba. Maganin yana kuma sakin iskar naitirik oksayid a jiki, ita ma tana taimakawa wajen tayar da wannan umarni. Ƙari a kan haka, fararen ƙwayoyin jini da ƙwayoyin daskarar da jini suna raguwa kaɗan, su kuwa a jikin mai sikila sun yi yawa, suna cikin masu manne wa bangon jijiya su fara toshewar.

Ba zato ba ne, an gwada. A 1984 Orah Platt da abokan aikinta a Boston suka nuna HbF yana hawa a jinin masu sikila da aka ba maganin. A 1995 aka fitar da sakamakon babban gwaji a kan manya 299. Tashin ciwo 4.5 ne a shekara ga waɗanda ba a ba maganin ba, 2.5 ga waɗanda aka ba, har aka dakatar da gwajin kafin wa'adinsa don kada a ci gaba da hana sauran. Da aka bi waɗannan mutane shekara 9, an ga mutuwa ta ragu da kashi 40 cikin 100 a tsakanin masu shan sa, kuma bibiyar da ta haura shekara 17 ba ta nuna yana jawo musu kansa ba. A 2011 aka nuna amfaninsa ga jarirai 'yan wata 9 zuwa 18. A 2019 aka fitar da na yara sama da 600 a Angola da Kwango da Kenya da Yuganda: ciwo ya ragu, ƙarin jini ya ragu, mutuwa ta ragu, har zazzaɓin cizon sauro, wanda aka ji tsoron zai ƙaru, raguwa ya yi.

Wanda ya fi kusa da mu shi ne na 2022. Yara 220 'yan shekara 5 zuwa 12, waɗanda na'ura ta nuna jini yana gudu da ƙarfi fiye da kima a jijiyoyin kansu, wato suna bakin shanyewar ɓarin jiki. A Asibitin Malam Aminu Kano da na Murtala a Kano aka yi, da Asibitin Barau Dikko a nan Kaduna. Rabi aka ba su miligiram 10 a kan kowane kilo na nauyinsu, rabi 20. Wajen kare shanyewar jiki ba a ga bambanci tsakaninsu ba, sai dai masu shan 20 sun fi ƙarancin kwanciya asibiti. 'Ya'yanmu ne aka yi wannan aiki da su, likitocinmu ne suka yi. A ƙasar da ake ƙiyasin ana haihuwar jarirai kusan 150,000 da sikila duk shekara, kamata ya yi a ce kowane gida mai sikila a Kaduna ya ji wannan labari, amma kaɗan ne suka ji.

Lokacin da aka rubuta wa ɗan yayata maganin, ba ta ba shi ba sai da ta hau keke daga Rigasa ta same ni. Ta ajiye kwalin a gabana, ba ta ko zauna ba.

"Auta, ki gaya mini tsakaninki da Allah. In ɗanki ne za ki ba shi?"

Na ce, "Yaya, ai ɗana ne."

Na ɗauko takarda na zana mata da'ira biyu, babba da ƙarama, na sa ɗigo a cikin ƙaramar, na gaya mata kusan duk abin da na rubuta a nan. Ba ta yi boko mai zurfi ba, amma tambayar da ta yi ita ce wadda likita zai yi. Ta ce, "To in ya tsayar da jinin gaba ɗaya fa?" Na ce don haka ne ake gwaji.

Bayan wasu watanni ta dawo da takardar gwajin jini, hankalinta a tashe, babban yatsanta a kan wani layi da na'ura ta sa wa tauraro. MCV ne, ma'aunin girman jar ƙwaya. Lambar ta haura iyaka. Na ce mata wannan tauraron albishir ne. Ƙwayar da aka jinkirta wa kwafe DNA tana ci gaba da girma kafin ta samu rabuwa, sai ta fito babba, mai ruwa-ruwa, ba ta saurin lanƙwashewa. Likita in ya ga MCV bai motsa ba, abu na farko da zai tambaya shi ne ko yaro yana shan maganin kuwa. Ta kuma nuna mini farcensa, wasu siraran layuka baƙaƙe sun bi tsawonsa daga tushe zuwa baki. Shi ma sananne ne, ba ya cutarwa. Yaron bai rabu da sikila ba, maganin ba ya warkarwa. Amma yana zuwa makaranta cikin hunturu, abin da a da ba ya yi.

Tambayar Yaya ita ce ainihin abin kula. Ba zan ce muku na sikila wani ɗan mitsitsi ne idan aka gwada da na masu kansa ba, don adadin yakan kusanci juna. Bambancin yana ga abin da ake nema. A sikila so ake a ɗan taka wa ɓargo birki, a tsaya kafin fararen ƙwayoyi su sauka ƙasa da yadda za su kare jiki. Ido ba ya ganin wannan iyaka, sai gwajin ƙidayar ƙwayoyin jini, wata-wata a farko, in an daidaita kuma duk wata 2 ko 3. In sun sauka da yawa, a dakata na ɗan lokaci, su dawo, a ci gaba da adadi ƙasa da na da. Saboda RNR yana sake kunnuwa ne wannan saukar ke gyaruwa. Kuma saboda sai sababbin ƙwayoyi sun maye gurbin tsofaffi ne amfanin ke ɗaukar wata 3 zuwa 6 kafin ya bayyana. Ba maganin kashe zafi ba ne da za a ɗauko ranar da ciwo ya tashi. Mai shan sa in ya yi zazzaɓi, asibiti za a nufa a ranar, kamar kowane mai sikila.

Ba ɓargo ne kaɗai wurin da ake rabuwa da yawa ba. Ɗan tayi ma haka yake, shi ya sa macen da ke shirin ɗaukar ciki za ta fara zama da likitanta. Haka inda ake ƙera ƙwayoyin maniyyi. An ga yawansu yana raguwa a wasu maza masu shan maganin, duk da cewa sikilar kanta tana rage su. Wannan magana tana damun iyaye maza ƙwarai, kuma suna da haƙƙin a gaya musu ita a fili tun farko, ba su tsinta a waya daga baya su yanke maganin a ɓoye ba. Ni dai in na auna ta da shanyewar ɓarin jiki a shekara 7, na san inda zan tsaya. Amma hukuncin na iyaye ne da likitansu, bayan an gaya musu komai.

Abin da ya fi tayar mini da hankali a kwanan nan ba masu ƙin maganin ba ne, masu shan sa da ka ne. Wata ta ga ɗan maƙwabciya ya samu sauƙi, ta je wani shago aka sayar mata ba takardar likita, ba awon nauyi, ba gwaji. Ga shi wanda aka fi samu a kasuwa kafso ne mai miligiram 500. Ku lissafa: yaro mai kilo 15, in aka ba shi 20 a kan kowane kilo, 300 ne rabonsa a rana. Kafso guda ya kusa ninka shi. Wasu iyayen sai su buɗe kafson su zazzage garin a cokali su raba da ido, da hannunsu tsirara, wata ma da ciki. Akwai mai miligiram 100 da aka yi don yara, shi ya kamata a ce yana kowane babban asibitin jiha, daga Kafancan har Birnin Gwari, a ɗaki ɗaya da na'urar ƙidayar jini. In ba a samu sai mai 500 ba, kada a raba da ido. A koma wurin likitan da ya rubuta ko mai harhaɗa magani, a faɗi nauyin yaro na yanzu ba na bara ba, su tsara yadda za a sha shi.